Gwanjon Littattafai a Birnin Dikko

Shekarar da aka ba mu jiha ita ce shekarar da littattafai suka yi araha a Katsina. Ranar 23 ga Satumba, 1987, Janar Babangida ya yanke mu daga Kaduna, kafin hunturu ya kankama manyan motoci sun fara shigowa gari ɗauke da ma'aikata da iyalansu, da katifu, da kujerun kushin, da kwalaye ɗaure da igiya. Gidan haya ya yi wuya. Mutumin da ya baro ɗaki huɗu a Kaduna sai ga shi a ɗaki biyu cikin gidan gado, a lungun da ko mota ba ta shiga. In wuri ya ƙure kuwa, ba wanda ke fitar da tukunya ko akwatin uwargida. Kwalin littattafan maigida ake fara jawowa zaure, daga zaure kuma sai bakin titi.

Ina aji biyu na sakandare lokacin, ban san wannan lissafi ba. Abin da idona ya gani shi ne tabarmar wani dattijo da ke shimfiɗa a gefen babbar hanyar da ta taso daga Ƙofar Ƙaura ta nufi cikin gari ta cika ta batse, har ya ƙara buhuna a gefe, kuma in na daure na hana cikina kuɗin tara, zan iya komawa gida da littafi a hammata.

Yawona na Juma'a daga Ƙofar Soro yake farawa. Da an sallame, kafin jama'a su watse daga filin Kangiwa, masu littattafan addini sun riga sun baje kaya: Ahalari da Ishmawi da Iziyya a gaba, don su ne na masu farawa, Risala da Askari a baya, sai Ishiriniya da Dala'ilu masu shiga aljihu, ga carbi, ga asuwaki, ga 'yan kwalaben turaren da ƙamshinsu ke kama takarda ya bi ka har gida. Wasu bugun Misra ne ko Bairut, takarda rawaya, rubutu ƙanana sun cunkushe har gefe. Wasu kuwa rubutun hannun malaman Kano ne aka buga, manyan baƙaƙe irin na allo, an bar fili tsakanin layi da layi don ɗalibi ya sa abin da malaminsa ya faɗa. Daga Kasuwar Kurmi ta Kano ake saro su. A nan ba a tsayuwa a kan kaya. Durƙusawa ake yi, a ɗauka da hannun dama, a mayar inda aka ɗauko. Mai son Alƙur'ani hadiyya yake tambaya, kuma ba a doguwar tayawa.

Ni dai kallo nake yi, don abin da nake buƙata na makarantar dare yana cikin gafakar mahaifina. Amma ina son wurin. Tafiya kaɗan daga nan ga hasumiyar Gobarau tsaye, wadda ake danganta gininta da zamanin Muhammadu Korau. Malaman tarihi ba su gajiya da ambata mana Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, da Muhammadu al-Katsinawi wanda ya yi littafi kan lissafin hatimi ya rasu a Alƙahira a 1741. Mu haddace, mu zuba a jarrabawa. Ba wanda ya taɓa nuna mana shafi ɗaya na abin da suka rubuta, mu ma ba mu tambaya ba.

Daga nan sai shagunan boko. Su suna da kanta, kantar kuma ita ce iyakarka. Littattafai na can baya a jere, kai kana nan gaba kana miƙa wuya. Wanda na fi zuwa na wani ɗan ƙabilar Ibo ne da ya daɗe a garin har Katsinanci ya kama bakinsa. "Mi kake so, ɗan makaranta?" Abin da ke shagon duk na manhaja ne: Ababio na kimiyyar sinadarai, New General Mathematics, Brighter Grammar, sai layi guda na bugun kamfanin NNPC na Zariya, Magana Jari Ce ukku a jere, Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Iliya Ɗan Maiƙarfi. Tun da aka shigo da tsarin SAP a 1986 naira ta fara zubewa, sabon littafi ya fara fin ƙarfin ɗan talaka. Da fensir yake rubuta farashi a shafin farko, in kaya sun tashi ya goge ya sake. Akwai wani ƙamus na Turanci da na daɗe ina zawarci. Duk zuwa sai in roƙa a miƙo mani shi, in buɗe, in tarar da sabon farashi a gurbin tsohon, takardar wurin har ta yi laushi ta kusa hujewa don guga. Bai taɓa korata ba. Bai kuma taɓa rage mani ko kwabo ba.

Don haka ƙarshen yawon kullum wurin dattijon nan ne. Baba muke ce mashi, kowa da kowa, har waɗanda suka girme shi. Asalinsa dillalin gwanjo ne, rediyo da agogo da fitilar ƙwai, littafi ya shigo mashi ta bayan gida ya kore sauran. Yana karanta ajami sarai, boko kuwa ko baƙi ɗaya. In aka kawo littafi sai ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina, yadda mai sayen kaza ke auna nauyinta, sannan ya yanka kuɗi. Mai kauri da bango mai tauri shi ne mai tsada, ko da kundin lambobin tarho ne na shekarar da ta wuce. Siraran nan masu bango ruwan lemo na African Writers Series, su Achebe da Ngugi, a tsibin sule biyar-biyar yake zuba su tare da tsofaffin mujallu. Mutum ɗaya ne ya karya mashi doka, James Hadley Chase. Shi ba sai an karanta suna ba: in Baba ya ga mace da bindiga a bango ya san kuɗinsa. Yakan kife su in ya hango rawani tafe, in an wuce ya buɗe. Ƙananan littattafan Pacesetters ma ba su kwana, musamman The Undesirable Element na Mohammed Sule, wanda 'yan makarantar kwana ke yi wa rububi don labarin a Arewa yake, sunayen ciki irin namu ne. Lokaci-lokaci direbobin hanyar Jibiya kan kawo mashi na Faransanci daga Maraɗi, masu zanen hotuna. Ba mai iya karantawa. Mukan bi hotunan mu ƙaga labarin da kanmu, in sun gaji da zama mai ƙosai ta kwashe su.

Har yau in na buɗe tsohon littafi warin tabarmar nan nake ji: ƙura, da fitsarin ɓera, da kananzir, da wani ɗanɗano mai kama maƙogwaro na takardar da gara ta fara ci. Da hunturu bangwaye su nannaɗe, da damina shafuka su manne. Ka buɗe ka ci karo da abin da ba kai aka ajiye wa ba: rasit ɗin haraji, tikitin silima, hoton fasfo na wani saurayi mai tulin gashi, wasiƙar soyayya da aka fara ba a ƙarasa ba. Da yawa suna ɗauke da hatimin ɗakin karatu na wata makaranta, an yi ƙoƙarin kankare shi da reza.

Yarjejeniyarmu da Baba ba a taɓa faɗinta da baki ba. Ni nake karanta mashi sunayen sababbin kaya, in ware na makaranta da na labari, in faɗa mashi wanda ake nema a bana. Shi kuma ya ƙyale ni in tsuguna a inuwar bango in karanta abin da na ga dama har a kira Magariba. Ta haka na ga yadda kaya ke zuwa. Ba su zuwa da rana. Sai duhu ya fara, wani yaro ya sauke kwali daga kansa ya ce, "Wai in ji Inna a duba." Ko wani mutum mai tsabta, riga wankakkiya amma wuyanta ya ci, ya jingine keke nesa kaɗan, ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi lafiyar kasuwa, sannan ya kwance ƙunshin da ke bayan keken. Baba kan ce mani, "Yaro, tahi ka sawo mani goro." Ni kuma in tafi ina murna, don na san kafin in dawo akwai sabon abin karatu. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa goron ke ƙarewa daidai wannan lokaci ba.

A kan tabarmar na fara gane cewa marubuci mutum ne mai cin tuwo. Na ɗauki Ƙarshen Alewa Ƙasa, na karanta wa Baba sunan da ke jiki, Bature Gagare, sai ya ce, "Ai ɗan garin nan ne." Na ɗauka wasa yake. Littafin da ya hana ni barci, mai bindigogi da ta'asa da ban taɓa zaton Hausa za ta iya ɗauka ba, a ce wanda ya rubuta shi yana taka ƙasar da nake takawa? Ashe ba shi kaɗai ba. A 1982, shekarar da ya fito, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina su ma suka fito, duk daga gasa guda ta gwamnatin tarayya. Ga Labo Yari da ya yi Climate of Corruption da Turanci tun 1978. Na yi makonni ina kallon fuskokin mutane a masallaci da tasha, ina cewa ko wannan ne, ko wancan. A zatona marubuci zai yi wata alama da za a gane shi.

Daga baya na san abin ya girmi haka. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Wansa Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar, dukansu ukku sun ratsa ta Kwalejin Katsina, ko ɗalibi ko malami. Ginin kwalejin na jar ƙasa yana nan, an mayar da shi gidan tarihi, mun sha wucewa ta gabansa a keke. Garin da ya yi wannan rawar a farkon ƙagaggen labarin Hausa na boko, a ce ɗansa sai ya tsuguna a bakin kwata kafin ya sami abin karantawa! Wannan haushin da girma ya zo mani. A lokacin ni dai daɗi nake ji.

Ina da kawu, wan mahaifiyata, tsohon hedimasta tun zamanin En'e. A ɗakinsa akwai kabad mai gilashi, kulle, makullin na aljihunsa. Tun ina ƙarami in an aike ni gidan nakan durƙusa in gaishe shi idona na kan kabad ɗin. Ba a taɓawa. Ko 'ya'yansa ba su taɓawa. A layin sama akwai ƙamus ɗin Bargery na 1934, jibgege, bangonsa ya koɗe, wanda Kawu kan sauko da shi in gardama ta tashi a zaure kan wata kalma, ya buɗe a hankali ya kashe maganar.

Wata Asabar, wajen 1989, na iso na tarar Baba ya ɗora wani jibgegen littafi a kan buhu shi kaɗai, ya yanka mashi kuɗin da ya fi na duk abin da ke tabarmar. Tun daga nesa gabana ya faɗi. Na buɗe shafin farko. Ga sunan Kawu da shuɗiyar tawada, da rubutun nan nasa mai kwanciya dama, ga shekarar da ya saya a ƙasa. Na tona tsibin gefe, ga wani, ga wani, har da Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwan Abubakar Imam Ingila a 1943, tsohon bugu, takardar ta yi ja.

Na miƙe jikina na rawa. "Baba, wannan kayan sata ne! Na kawuna ne. Bari in je in faɗa mashi."

Ya kama hannun rigata. Bai ɗaga murya ba. "Zamna, yaro." Na zauna. Ya ɓare goro ya daɗe yana tauna. "Ni ban sayen kayan sata in na sani. Wanga kuwa na san wanda ya kawo shi. Abin da ka gani nan, ka bar shi nan."

Ko a lokacin ban gane duka ba. Na san an daɗe ba a biya su fansho ba, na ji ana zancen a tsakar gida. Na san ana shirin auren 'yarsa ta biyu, ana ta lissafin gado da katifa da kwanuka. Amma a kaina waɗannan zantukan mata ne, kabad kuma kabad ne, ban ga hanyar da ta haɗa su ba. Sai da aka aike ni gidan bayan kwana biyu. Kabad na nan inda yake, kulle. An sa mashi labule ta ciki, wani yadi mai furanni, an ja shi tsaf har ƙasa. Kawu ya amsa gaisuwata yadda ya saba, ya tambayi karatu, ya ce in dage da lissafi. Na kasa ɗaga kai.

Bargery ya fi ƙarfina, wani malamin kwaleji ya ɗauke shi cikin mako. Tafiya Mabuɗin Ilmi na saya, naira biyu. Littafin da na yi shekaru ina leƙe ta gilashi ya zama nawa, kuma ba ni da ikon ajiye shi inda ido zai gani, don Kawu na zuwa gidanmu, mahaifiyata kuma ta san rubutun wanta. A ƙarƙashin katifa ya zauna. Tun daga ranar, in Baba ya aike ni sayen goro nakan daɗe a hanya da gangan, in kuma dawo ta bayan mai keke ba tare da na dubi fuskarsa ba.

Sai 1991. Wata mujalla mai suna Fun Times, ta kamfanin Daily Times na Legas, ta buga wani rubutu a ƙarshen 1990 da aka ce ya taɓa mutuncin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A unguwarmu ba wanda ya ga mujallar da idonsa, amma zancen ya game gari. Cikin azumi, a ƙarshen Maris, almajiran Malam Yakubu Yahaya suka je ofishin kamfanin a Katsina suka kwaso jaridu suka cinna masu wuta. Gwamnan soja, Kanar John Madaki, ya mayar da kakkausan martani, su ma suka mayar. Aka sha ruwa, aka yi salla, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Juma'ar bayan salla abin ya fashe.

Ranar masu littattafan bakin masallaci da yawa ba su baje ba. Na gani, ban karanta komai a ciki ba, don goron salla na aljihuna kuma hankalina na wurin Baba. Na zaɓi Chase guda, bangonsa irin wanda ake kifewa, na biya, na soke shi a ƙugu ƙarƙashin sabuwar rigata. Zafin bazara ne, iska ba ta motsi. Sai muka ji kabbara daga nesa, da yawa, tana matsowa. Sai wata ƙara. Sai ƙofofin ƙarfe na shaguna suka fara bugawa ɗaya bayan ɗaya, mai lemo ya bar baronsa, wata mata ta wuce da gudu takalmi a hannu tana kiran sunan ɗanta. Idona ya fara yaji kafin in san barkonon tsohuwa ne.

"Yaro, kama mani!"

Muka tura littattafai cikin buhuna ba zaɓe, wasu suka zube muka taka su, muka ja zuwa zauren wani gida da ke cikin lungu. Maigidan ya tura ƙyaure ya sa sakata. Mun kai mu goma a ciki, duhu, tari, warin gumi da hayaƙi. Har da yaron shagon ɗan Ibon nan, wanda maigidan ya fizgo daga titi, ya cire hularsa ya kifa mashi a ka, ya ce ya zauna can ƙurya kada ya yi magana. Yaron na ta karkarwa, hular ta rufe mashi kunne.

Ni kuwa littafin ƙuguna ya zame mani bala'i. Gumi ya manna shi da cikina. Na tabbata in aka ɓalle ƙofar nan aka laluba ni aka ga matar da ke bangon, ba wanda zai tsaya tambayar abin da ke ciki. A watan da ake ƙona takarda, ga ni da irin wannan takarda. In 'yan sanda ne suka shigo kuma, ga saurayi mai jan ido da ya gudo daga titi. Ban san wanda na fi tsoro ba. Na zura hannu a hankali, na yage bangon, ƙarar yagewar ta cika mani kunne har na zaci kowa ya ji. Na dunƙule shi na tura a wata tsaga ta bangon ƙasa, na danna da yatsa har ya ɓace. Na yi ajiyar zuciya. Sai can, da idona ya saba da duhun, na lura a kan buhun Baba nake zaune, wanda ke cike da irinsu.

Bayan La'asar aka buɗe mana. Titi ba kowa, sai duwatsu da takalma warin ƙafa, da shafukan da muka zubar iska na juya su. An kama mutane da dama an gurfanar da su. Kwanaki kaɗan Bauchi ta kama da wuta, a Oktoba kuma Kano, kan zuwan mai wa'azin nan Reinhard Bonnke. Ɗan Ibon ya kai iyalinsa gida, shi ya dawo ya ci gaba da goge farashi.

Da na kai wa Baba littafin don musanya, don haka muke yi, ka maido ka ƙara 'yan kuɗi ka ɗauki wani, sai ya juya shi ya ce, "Ka tuɓe mashi riga, wa zai saye shi?" Bai karɓa ba. Amma wani abu ya sauya a tabarmar. Mujallu masu hotuna suka koma cikin buhu. Kuma duk sabon kayan da aka kawo sai ya miƙo mani ya rage murya: "Duba mani, babu zagin Allah da Annabi ciki?" In ɗan bubbuɗe shafuka, in ce babu. Shekarata goma sha bakwai, Turancina na jarrabawa ne, littafi mai shafi ɗari huɗu nake wankewa cikin minti guda. Shi kuma ya yarda, ya shimfiɗa. Sai da na girma na auna abin da dattijon nan ke ɗauke da shi: yana zaune bakin titi yana sayar da maganar da bai san mi ta ce ba, rayuwarsa rataye da bakin yaro.

Abin da ya cece shi daga Turanci gaba ɗaya daga Kano ya zo. A 1991 ɗin nan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito, kafin shi akwai na Balaraba Ramat Yakubu, bayansa kuma ruwa ya ɓalle. 'Yan siraran littattafai, na ɗaya, na biyu, na ukku, bugun araha, tawada na kama yatsa. Baba ya sayi akwatin katako ya fara ba da haya. Masu karatun ba su zuwa da kansu, suna cikin gidaje, yara suke aikowa da kuɗi ƙulle a gefen ɗankwali. Yayata da ke aure a Rafindadi ta mayar da ni ɗan aike: "Ka ce mashi Allura Cikin Ruwa na biyu, na Anti Bilki, in babu kada ka karɓo wani." Bilkisu Funtuwa ke nan, ita ma 'yar jiharmu. Na biyun kullum yana hannun wata, wadda ita ma ta ba kishiyarta, ita kuma ta ba maƙwabciya. Ibrahim Malumfashi ya raɗa masu Adabin Kasuwar Kano, mu 'yan bokon da muka fara jin kanmu muka karɓi sunan muna taɓe baki, alhali a hanyar kai saƙo muke tsayawa gindin bedi mu karance su tas. Ni dai a ganina littattafan nan sun zaunar da karatun boko a hannun matan aure fiye da duk ajin yaƙi da jahilci da aka taɓa buɗewa a garin. Kuma a karon farko Baba ya san hajarsa: an karanta mashi wasu, ya san wadda aka yi wa auren dole da wanda ya ci amana, har yakan ba da shawara.

Na tafi jami'a a Zariya, na kama aiki, zuwa gida ya koma na salla da biki. Wani zuwa na tarar da mai gyaran waya a gurbin tabarmar. Aka ce Baba ya rasu da damina, magada sun sayar da buhunan ga masu ƙosai da masu tsire. Shagunan boko suna nan, sun ma ƙaru, amma abin da ke gaba tambayoyin jarrabawar baya ne na WAEC da JAMB. 'Ya'yan yayata a waya suke karanta labari, su tura kuɗi a turo masu babi ta WhatsApp, ba mai jiran na biyu ya dawo daga gidan kishiya.

Kawu ya yi tsawon rai. Bayan na yi aure na kama gida, wata rana ya zo ganin jariri, aka shigar da shi ɗakina ya huta kafin a kawo abinci. Ni na riga na manta abin da ke kan kantata, shekaru sun sa ya fito daga ɓoye ya shiga cikin sauran. Na shigo da ruwa na tarar da shi tsaye, tabarau a karan hanci, Tafiya Mabuɗin Ilmi buɗe a hannunsa, a shafin farko. Na tsaya da kofi a hannu, na rasa ta cewa.

Bai ɗago ba. "Nawa ya sayar maka?"

"Naira biyu, Kawu."

"Naira biyu!" Ya rufe littafin ya buga shi a tafin hannu. "Ni sule ukku ya ba ni. Ya ce ba shi da kauri."

Ya yi dariya har da tari, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi ba in ba ita ba. Da zai tafi ya ce in ba shi aro, akwai wurin da yake son ya sake dubawa. Har ya rasu bai maido ba, ni kuma ban tambaya ba. Da aka zo rabon gado aka tarar da shi cikin kabad, ga sunansa a jiki da rubutun hannunsa, malamai suka lissafa shi cikin dukiyar mamaci, ya faɗa rabon ƙaramin ɗansa da ke sayar da kayan gyaran babur a Ƙofar Ƙwaya.